Zaman Makokin Mai Malafa

Ni a cikin lif aka yi mini gaisuwar rasuwar mahaifina. Ban ce mutane ba su kyauta ba. Lokacin baje koli ne, Guangzhou ta cika ta batse, kowa yana da baƙin da zai kai masana'anta, kuma lif ɗin benen kasuwarmu da ke unguwar Xiaobei shi ne kaɗai inda Bahaushe yake tsayawa wuri guda. Sai mutum ya shigo da kwali a kafaɗa, ya gan ni, ya ce, "Ashe an yi rashi. Allah ya jiƙan Baba." In ce amin. Kafin in kai ga Allah ya ba da lada, ƙofa ta buɗe ya fice. Akwai wanda ya ja Fatiha tun daga ƙasa, ya shafa daidai hawanmu, sannan ya tambaye ni ko kwantenar Legas ta tashi.

Baba ya rasu ne bayan sallar asuba a Kano. Labari ya same ni da rana tsaka a wata masana'antar kuloli a bayan gari, kafin in dawo shago har an kai shi. Fasfona yana ofishin biza, in na karɓo na fita, dawowa sai wani ikon Allah, ga kayan mutane jibge a hannuna. Yayata ta ce mini a waya, "Ka yi zamanka, ko ka zo me za ka tarar?" A gida 'yan'uwana suka yi kwana uku a kan tabarma a ƙofar gida, jama'a suna zuwa suna cire takalmi suna durƙusawa. Ni kuwa ban samu ko mutum ɗaya da ya zauna kusa da ni saboda Baba ba. Ban yi kuka ba, ba kuma don jarumta ba, wurin yinsa ne ban samu ba. Ba a kuka a lif, akwai kyamara.

A shekarar ce kuma muka yi wa wani mutumin Meksiko zaman makoki, abin da har yau in 'yan hawanmu suka haɗu sai wani ya tayar da shi.

Ni ejan ne. Ɗan kasuwa ya turo hoton abin da yake so daga Kano, in nemo masa, in loda. Kayan kicin na fi yi. Shagon da ke jikin nawa na wani ɗan Meksiko ne, gajere, mai ɗan tumbi, da gashin baki da yake gyarawa da ƙaramin almakashi in ba ciniki. Yadda aka yi ya faɗo hawan da Hausawa da 'yan Mali suka cika, ban sani ba, ina jin haya ce ta fi sauƙi. Shi ma ejan ne, sai dai shi kayan mutum ɗaya yake yi. Kofi, faranti, agogon bango, riga, maƙalin mukulli, har bargo, duk fuskar mutum guda ce a jiki: wani kyakkyawa mai gashin baki, da malafa wadda in ruwa ya sauko iyali guda za su fake a ƙarƙashinta. A wani hoton yana kan doki, a wani yana rungume da jita, a wani yana dariya haƙora duk a waje. Sinawa su buga, maƙwabcina ya duba ko fuskar ta fito daidai, ya loda a tashar jirgin ruwa ta Huangpu ya tura ƙasarsu. Na taɓa ganin ya mayar da kofuna kwali-kwali saboda an ɗan matse wa mutumin ido. Mai masana'antar ta yi ta rantsuwa cewa laifin inji ne.

Mu muka sa wa mutumin hoton suna Mai Malafa. Babban hotonsa, baƙi da fari, yana rataye a saman teburin maƙwabcina, kullum da safe sai ya goge shi kafin ya kunna fanka. Muryarsa kuma tana fita daga wata 'yar sifika tun daga buɗe shago har a tashi. Yawancin waƙoƙin da wata doguwar kururuwa ake buɗe su, kamar an taka wa mutum ƙafa kuma ya ji daɗin takawar. Bayan nan sai murya ta kwanta, ta yi laushi, ta dinga lallaɓa magana. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma ba zan yi ƙarya ba, muryar tana shiga jiki. Na sha kama kaina ina ɗaure kwali a kan kiɗan.

Tun da wuri muka yanke cewa Mai Malafa mahaifinsa ne, kuma ba da ka muka yanke ba. A wurinmu in ka ga mutum ya rataye hoton wani a saman teburinsa, to ko ubansa ne, ko shehinsa, ko ɗan takarar da yake ci a jikinsa. Shehi ba ya rungumar jita. Ɗan takara kuwa ba a goge masa ƙura shekara da shekaru, ana faɗuwa zaɓe ake sauke shi. Saura uba. Ga gashin baki iri ɗaya. Hoton ya tsufa, muka ce na lokacin samartaka ne, tsohon yana can gida yana jan carbinsu irin nasu.

Mun kuma gane cewa uban mawaƙi ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambaya. Mutumin kirki, mai gaishe ka da hannu a ƙirji, ba ka tsaya a gaban jama'a ka ce masa ashe babanka maroƙi ne ba. Rufa masa asiri muka yi. Har yabonsa ake yi a bayan ido, ana cewa ga ɗa mai albarka, bai ji kunyar sana'ar ubansa ba. Hirarmu da shi dama ba ta wuce ta aiki. Turancinsa gurgu, nawa gurgu, sai mu haɗa da ɗan Sinancin kasuwa, in abu ya cije mu kira waya ta yi mana tafinta.

Duk shekara in sanyi ya fara shigowa sai ya kulle shago ya tafi gida. A wannan shekarar masana'anta ta riƙe masa kaya, bai samu tafiya ba.

Wata safiya na zo na tarar ƙofar shagonsa a ɗage rabi. Na sunkuya na leƙa. Ya kwashe samfur daga kan tebur ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya sauko da babban hoton ya kafa shi a tsakiya. Ga furanni rawaya ta ko'ina, irin waɗanda Sinawa suke kaiwa maƙabarta. Ga kyandir masu batir, don masu gadin bene ba sa yarda da wuta. Ga burodi, ga kofin ruwa, ga wata kwalba da ban tsaya karanta ta ba. Shi kuma yana zaune a kan kwali da baƙar riga, idanu jawur, waƙar tana tashi ƙasa-ƙasa. Matar da ke sayar da fitilu a shagon da ke kallonmu, Basiniya ce da ko gaisuwa sai ta ga alamar ciniki take amsawa, ta zo ta leƙa, ta ga furannin, ta sunkuyar da kai ta koma shagonta.

Ina nan tsaye sai ga Alhajin Maraɗi. Dattijo ne mai jan gemu, dilan takalma, yana zuwa sari sau biyu a shekara, yana sauka a unguwar Sanyuanli, amma a shagona yake wuni saboda ina da butar shayi. Lokacin da Baba ya rasu shi Alhaji yana Maraɗi, ya turo mini doguwar addu'a ta waya. Ya sunkuya ya leƙa yadda na leƙa, ya daɗe, sannan ya miƙe yana dafa ƙugu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Tsohon ya tahi."

Nan take ya shiga rabon aiki. A kira 'yan hawa, a gaya wa matar da ke dafa mana abinci a bayan tashar jirgin ƙasa ta ɗora babbar tukunya, a ɗauko tabarmin ɗakin da muke salla a ƙarshen baranda. Wani ɗan Kurna mai sayar da kayan waya, wanda wandonsa bai taɓa sanin idon sawunsa ba, ya ce, "Alhaji, mutumin nan fa ba Musulmi ba ne. Ga hoto, ga kyandir."

"Ban ce ka yi mashi Fatiha ba," in ji Alhaji. "Maƙwabci ne. Zamnawa za ka yi, ka ce mashi sannu. Mu muna da junanmu, shi wa gare shi nan?"

Ni aka aika ɗauko tabarmin, kuma da haushi na ɗauko su. Mu muna da junanmu. Ina tafe a baranda da tabarma a kafaɗa ina maimaita maganar a raina. Ni da aka haifa a Fagge, nake salla sahu ɗaya da mutanen nan, muke cin tuwo kwano ɗaya, a tsaye aka sallame ni. Baƙon da ko sunansa ba mu iya faɗa daidai ba, shi za a rufe wa shaguna. Kishi nake yi da mai makoki, na kuma san abin kunya ne, sanin bai rage komai ba.

Muka ɗage ƙofar, muka cire takalma, muka shiga da sallama. Maƙwabcina ya zabura. Da ya ga taron, abin da ya fara yi shi ne rage sautin waƙar, a zatonsa ƙara muka kawo. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu, ya kai shi jikin bango inda mai makoki yake zama, ya zaunar da shi. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakanin kwalayen kofuna. Ɗaya bayan ɗaya muka dinga matsawa gabansa muna durƙusawa. "Sannu. Ya haƙuri?" Ni ina gefe ina mayar masa da shi Turanci iya yadda ya samu. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai hawaye. Duk wanda yake da sauran shakka a nan ta fita.

Muka zauna. Zaman makoki ba ya buƙatar yare, shi ya sa ya tafi daidai. Labari ya sauka ƙasa ya hau sama, 'yan zangon Kumasi suka zo, 'yan Yamai suka zo, 'yan Mali suka zo da nasu salon gaisuwar mai tsawo. Wani Balarabe ya leƙo neman agogon bango, aka ce masa "meyo", wato babu, yau ba ciniki. Ɗan Kurna ya zauna ya ba teburin baya. Wani dilan barguna da ke kusa da ni ya shafa wani bargo mai fuskar mamacin, ya matso kunnena ya ce auduga ce ko roba, na ce ya ji tsoron Allah.

Da abinci ya iso, shinkafa da miya da naman rago, aka fara zuba wa mai makoki. Ya karɓa ya yi godiya, ya tashi ya ajiye farantin a gaban hoton, ya gyara cokali ta ɓangaren hannun dama. Kowa ya ga abin, kowa ya sami abin kallo a silin. Alhaji ya ce a zuba masa wani.

Bayan mun dawo daga azahar ne Alhaji ya ga lokacin tambaya ya yi. Ya ce da ni, "Tambaye shi, an kai shi ko suna jiran shi?"

Na tambaya. Maƙwabcina ya ce an binne shi, ai da daɗewa.

"Yaushe anka yi rasuwar? Satin da ya wuce?"

Ya girgiza kai. Ya jawo kalkuleta, don a benen nan duk abin da ya shafi lamba da ita ake faɗa, ya danna shekarar ya miƙa. Alhaji ya sa tabarau ya duba. Ya ce in tambaye shi shekarar da aka haife shi, shi maƙwabcin nawa. Ya danna. Alhaji ya ɗebe wannan daga wancan, ya sake ɗebewa, ya nuna wa na kusa da shi, shi ma ya nuna wa na gaba. Lissafi ya nuna uban ya riga ɗan barin duniya tun ɗan bai zo ba, kuma ba da wata tara ba, da shekaru masu yawa. Alhaji ya cire tabarau ya mayar aljihu, ya miƙa kalkuletar a hankali.

"Allah mai iko," ya ce.

Ba wanda ya dubi wani. Kowa yana tunanin mahaifiyar mutumin, kowa kuma yana ƙoƙarin kada ya yi tunaninta. Ni da dama a cike nake da haushi, na nuna hoton na tambaye shi kai tsaye, "Wannan ba babanka ba ne?"

Ya dubi hoton. Ya dubi tabarmi, da kulolin abinci, da tulin takalma a bakin ƙofa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya fashe da dariya har da tari, ya riƙe ciki, hawayen da bai gama bushewa ba ya sake zubowa. Da ya samu numfashi ya tashi ya ɗaga burodin da ke ƙarshen tebur. A bayansa akwai wani ɗan hoto kamar na katin shaida, wani ramammen mutum mai sanƙo yana hararar mai ɗauka. Ya ce wannan ne babansa. Sannan ya nuna wani hoton da ke jingine da firam ɗin Mai Malafa, wata tsohuwa mai kitso biyu da mayafi a kafaɗa. Wannan ce mahaifiyarsa. Saboda ita idonsa ya yi ja.

Sauran bayanin da waya da hannu aka yi shi, ni ina tsinta ina mayarwa Hausa. A ƙasarsu, in ji shi, rana ɗaya a shekara matattu suna zuwa gida, sai a shimfiɗa musu tebur, a ajiye wa kowa abin da yake so yana da rai. Shi ya sa yake tafiya duk shekara, su yi da 'yan'uwansa mata. Mai Malafa kuwa ba danginsu ba ne ko ta nesa. Mawaƙi ne kuma ɗan fim, wanda a ƙasar tasu ba gidan da ba a san muryarsa ba. Ɗan talakawa ne daga wani ƙaramin gari, bai yi nisa a makaranta ba, aikin hannu ya fara yi kafin a ji shi a rediyo. Da ya shiga fim ma bai bar talakawa ba, yau lebura ne, gobe mai kiwon dawaki, jibi direba, kullum yana son wata da ta fi ƙarfinsa, kullum yana yi mata waƙa a ƙarƙashin taga. Ya samu duniya, ya kuma yi ta rabar da ita a ƙofar gida. Hatsari ne ya ɗauke shi yana tsakiyar tashe, ko furfura bai fara ba.

Ranar da aka kai shi, in ji maƙwabcina, babban birninsu ya tsaya cak. Mahaifiyarsa a lokacin yarinya ce tana aikatau a gidan wasu masu hali. Ta ajiye wanke-wanke ta bi taro a ƙafa. Ta dawo ba takalmi ɗaya, ta kuma tarar ba aiki. Har ta tsufa tana cewa ba ta yi asara ba. Tun daga shekarar take sa hotonsa a tsakiyar teburin matattunta, iyayenta a dama da hagu. Mijinta ya yi ƙorafi, ta ce ya kwantar da hankalinsa, in ya mutu shi ma za a samar masa wuri. An kuwa samar masa. Da ita ma ta rasu, 'ya'yanta suka jingina ta inda suka san za ta so.

Maƙwabcina ya ce har yanzu duk shekara mutane suna cika kabarin Mai Malafa da kayan kiɗa, jikokin waɗanda suka yi masa kuka ne suke rera waƙoƙinsa. Wasu ma sun ce bai mutu ba, ɓuya ya yi, kuma an sha samun tsofaffi a kasuwanni suna waƙa suna cewa su ne. Ɗan Kurna, wanda ya juyo tun tuni bai sani ba, ya ce wannan kam ko a wurinmu akwai irinsa.

Alhaji ya daɗe yana kallon hoton. "Wato mutumin ga," ya ce, "ya kwanta dama tun ina ɗan yaro, amma shina ciyar da kai, shina ciyar da matar masana'anta, shina ciyar da masu loda jirgi. Mu ga mu da rai, ɗiyanmu kawai sun gagare mu."

Don ya tabbatar mana, maƙwabcina ya kunna wata 'yar talabijin da yake gwada kaya da ita, ya sa mana fim ɗaya. Haka dattawa da alhazai, a kan tabarmar makoki, da miya a hannu, muka kalli Mai Malafa yana tafiya yana magana. Ba mu ji abin da ake cewa ba, amma labarin talaka ba ya ɓuya. Can wani abu ya same shi a fim ɗin, ban san ko mene ne ba, sai ga shi a tsakiyar unguwa, malafa a hannu, yana kuka da baki buɗe, maƙwabta sun kewaye shi suna riƙe da kafaɗunsa. Dilan barguna ya ce, "Kai, ƙato da gashin baki yana wannan ɓarin hawaye?" Maƙwabcina ya gane ba tare da tafinta ba. Ya ce ai saboda wannan ake son sa. Ni dai na sunkuyar da kai ina tsince shinkafa daga tabarma.

Daga nan taro ya fara watsewa. Dariyar da aka danne ta ɓalle, kowa yana tsokanar kowa, ana cewa Alhaji ya rufe mana shaguna saboda ɗan fim. 'Yan Kumasi suka ce za su kai labarin har gida. Wani ya fara naɗe tabarmar bakin ƙofa. Maƙwabcina ya riƙo hannuna, ya ce in gaya masa, me muka zo yi, haka muke yi? Na ce haka muke yi. In an yi wa mutum mutuwa ba a barin sa shi kaɗai, a zaunar da shi, a zo a zauna tare da shi kwana uku, ko ba a ce komai ba.

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, watannin baya, a lif, ya ga mutane suna kama hannuna suna shafa fuska. Ashe yana ciki ranar, a bayan kwalayensa. Ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce babana.

"Kai a ina ka zauna?"

Na ce ban zauna ba.

Alhaji ya ce, "Mi yake cewa?" Na ce ba komai, hira ce. Ɗan Kurna, da yake Turancinsa ya fi nawa kuma ba a taɓa saninsa da riƙe magana ba, ya fassara masa duka. Alhaji ya dube ni, ya dubi jama'a.

"Ba ku zamna mashi ba?"

Dilan barguna ya ce, "Alhaji, lokacin baje koli ne fa. Amma duk mun yi masa gaisuwa."

"Ina?"

Dilan barguna ya waiwayi wajen lif.

"Kak a mai da tabarmin nan," in ji Alhaji. "Ku kai su shagonshi."

Na ce, "Haba Alhaji, abu ya wuce wata nawa. Wallahi na haƙura." Ko kallona bai yi ba. Aka fitar da kwalayen kulolina aka jera a baranda, aka shimfiɗa tabarmi, ya kama hannuna da hannu biyu kamar yadda ya kama na maƙwabcina da safe, ya zaunar da ni a jikin bango. Sannan ya kori kowa waje, har shi kansa. Ina zaune ni kaɗai a shagona ina jin su a baranda suna gyara murya.

Alhaji ne ya fara shigowa. Ya yi sallama kamar bai gan ni ba tun safe. Ya cire takalmi, ya durƙusa gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗaga hannu aka yi wa Baba addu'a, doguwa, ba mai jiran ƙofa ta buɗe. Ya shafa, ya dube ni.

"Ɗana, ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya." Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Suka dinga shigowa ɗaya-ɗaya, kowa ya gaishe ni ya nemi wuri ya zauna. Maƙwabcina ya leƙo ya tambaya ko babana yana son waƙa. Na ce tela ne, in aka sa kiɗa a rediyo kashewa yake yi. Ya koma shagonsa ya kashe Mai Malafa. Ya dawo da furanni a hannu, Alhaji ya ce ya mayar, ya zo da kansa kawai. Ya mayar, ya cire takalmi, ya yi ƙoƙarin durƙusawa irin tamu ya kusa kifawa, ya sa hannu a ƙirji ya yi mini wata doguwar magana da yarensu. Na ce masa da godiya.

Dilan barguna ne ya ƙarasa ni. Ya ce, "Wai telan nan na bakin masallaci a Fagge, mai keken ɗinki baƙi? Ai shi ya ɗinka mini rigar sallata ta farko. Ya yi mini aljihu har gwiwa, ya ce don kada goron sallata ya zube." Ban san ya san Baba ba, shekara nawa muna hawa ɗaya. Na buɗe baki in ce haka yake yi wa kowane yaro, sai maganar ta ƙi fita, wani abu ya fito a madadinta. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ɗan firamare, da sauti, da majina, a gaban abokan ciniki da waɗanda muke sahu ɗaya a salla. Ba wanda ya ce in yi shiru. Alhaji ya ɗora hannu a gwiwata ya bar shi a nan.

Da la'asar ta yi ya miƙe, ya ce da jama'a, "Gobe ma nan za mu wuni. Kwana ukku ne."

Na ɗauka irin maganar da ake yi ce a tashi taro. Mutane suna da kwantena a Huangpu, suna da baƙi a masauki, an riga an yi asarar wuni guda saboda mawaƙin da ba a haɗa komai da shi ba. Washegari na fito da wuri da niyyar in mayar da kwalayena ciki in kama aiki. Da na fito daga lif na tarar sun riga ni. Suna zaune a baranda a kan tabarmi, takalma a gefe, ɗan Meksiko a tsakiyarsu da butar shayi, suna jira in buɗe.